Tsakanin Mai Duba da Mai Zuhudu: Waiwaye kan Neman Zaman Lafiya a Ƙasar Burma

Da ƙarfe 4:20 na asubahin ranar 4 ga Janairun 1948 aka sauke tutar Ingila a birnin Rangun, aka ɗaga ta sabuwar ƙasar Burma, wadda yau ake kira Myanmar. Manyan baƙi sun baro makwancinsu cikin duhu ne saboda masana taurari sun buga lissafi, sun ce ƙasar da ta zo duniya a wannan sa'a za ta yi albarka. Ba a cika wata uku ba 'yan gurguzu suka ɗauki bindiga suka faɗa daji. A farkon 1949 ƙabilar Karen ta bi sahu, har aka kai lokacin da ikon gwamnati bai wuce Rangun da 'yan wasu garuruwa ba. Wutar da ta kama a lokacin ba ta mutu ba har yau.

Kusan mutum tara cikin goma na ƙasar mabiya addinin Buddha ne, addinin da tausayin duk wani mai rai ke cikin ginshiƙansa. Da wuya kuma a sami ƙasar da masu mulkinta suka gina hasumiyoyin ibada da sunan zaman lafiya kamar Burma. To, me ya hana lafiyar zama? Dalilan suna da yawa, daga yadda Turawa suka raba kan ƙabilu zuwa kwaɗayin soja da rububin ma'adinai da katako. Amma akwai zare guda da nake ganin ya isa a bi shi daga farko zuwa ƙarshe. Masu mulkin ƙasar sun riƙa zuwa wa addini da tambayar da ake kai wa mai duba, wato yaya zan tsira daga abin da ke tafe, suka bar tambayar da addinin nasu ya ɗora musu, wato wa nake cutarwa.

Ƙasar ba baƙuwa ba ce a gare mu. Kakanninmu da aka ɗiba aikin soja a yaƙin duniya na biyu sun yi yaƙi da Japan a dazuzzukanta, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma Hausa ce harshen da aka fi ji a tsakaninsu. Barikin Dodan da na Arakan a Legas, barikin Kalapanzin a Kaduna, da Burma Camp a Akra, duk daga can sunayensu suka zo. Yankin Arakan ɗin nan da suka zubar da jini a cikinsa shi ne jihar Rakhine ta yau, mahaifar Musulmin Rohingya, kuma za mu iso gare ta.

Littattafan addinin Buddha na farko ba su yi wa duba sassauci ba. Akwai nassosin da suka jera sana'o'in da bai kamata mai zuhudu ya ci abinci da su ba, kuma a cikinsu har da duban taurari, da faɗin lokacin husufi da abin da zai biyo bayansa, da zaɓa wa mutane ranar aure, da hasashen wane sarki zai ci yaƙi. Cikin labaran Jataka, waɗanda yara ke ji a gidajen ibada, akwai na wasu mutanen birni da suka sa ranar ɗauko amarya daga ƙauye. Ranar ta zo, suka je wurin malaminsu, shi kuwa da ma yana jin haushin ba a shawarce shi tun farko ba, sai ya ce taurari ba su yi kyau ba. Suka zauna gida. Mutanen ƙauye suka gaji da jira, suka ɗaura wa yarinya aure da wani. Washegari da dangin ango suka iso ana ta cacar baki, wani mai hankali ya nuna musu cewa sa'ar tana ga samun yarinyar, su kuwa sun bar ta ta wuce suna kallon sama. Tushen koyarwar shi ne aikin mutum da niyyarsa ke tsara abin da zai same shi, abin da ya shuka shi zai girba. Dokar farko cikin biyar da kowane mabiyi ke ɗauka ita ce kada ya kashe mai rai. Sai kuma abin da suke kira metta, wato horar da zuciya ta yi fatan alheri ga kowa, a fara da kai, a wuce ga masoyi, a kai ga wanda ba ruwanka da shi, a ƙare da abokin gaba.

Duk da haka duba bai taɓa barin ƙasar ba. Tun da Sarki Anawrahta na Bagan, wanda ya hau gadon sarauta a 1044, ya rungumi mazhabar Theravada, tsofaffin al'adu suka ci gaba da tafiya kafaɗa da kafaɗa da sabon addini. Sarakuna suna da malaman fada 'yan asalin Indiya da ake kira ponna, su ke lissafin kalanda, su ke tsayar da ranar naɗin sarauta da ta fita yaƙi. Talaka ma yana da nasa kason. Makon 'yan Burma a lissafin duba kwana takwas ne, domin ana raba Laraba biyu, safe da yamma, kowace rana da tauraronta da dabbarta: Litinin damisa, Talata zaki, Alhamis ɓera. Ranar haihuwar jariri ce ke nuna harafin da sunansa zai fara da shi. A babbar hasumiyar zinare ta Shwedagon da ke Rangun akwai kusurwa ta kowace rana, inda mutum ke zuwa ya zuba ruwa a kan ƙaramin mutum-mutumin Buddha na ranar haihuwarsa. Duk watan Afrilu, lokacin bikin sabuwar shekara na Thingyan, ana fitar da takardar hasashen shekara: wace dabba sarkin sama zai hawo, me zai riƙe a hannu, damina za ta yi kyau ko za a yi fari, za a zauna lafiya ko za a yi tashin hankali. In kuma hasashe ya zo da muni, akwai yadaya, wato wani aiki da mai duba zai ba ka ka yi don ka kauce wa ƙaddara ko ka yaudare ta. Mai karatu da ya san yadda gidajen 'yan duba ke cika idan zaɓe ya ƙarato, alhali kowa ya san hukuncin abin a addini, zai gane yadda aka yi biyun suka zauna a zuciya ɗaya.

Sarki Mindon ya haɗa su a aiki guda. Ya kafa birnin Mandalay a 1857 bisa wata tsohuwar magana da ke cewa babban birni zai tashi a gindin dutsen Mandalay idan addini ya cika shekara 2,400. Shi ne kuma ya sa aka sassaƙa nassosin addinin gaba ɗaya a kan allunan dutse 729, ya tara malamai suka bi su daki-daki a 1871. A 1885 sojan Ingila suka shiga Mandalay, suka kwashi ɗansa Thibaw zuwa gudun hijira a Indiya.

Mutumin da ya fi jan hankalina a wannan tarihi shi ne U Nu, firaministan farko, domin babu mai shakkar ibadarsa. A 1952, ƙasa na cikin yaƙi, duniya kuma na cikin fargabar makamin nukiliya, ya gina hasumiyar Kaba Aye, wato ta zaman lafiyar duniya, a arewacin Rangun. Kusa da ita ya sa aka gina wani makeken zaure mai siffar kogo, inda masu zuhudu 2,500 daga ƙasashen Theravada suka zauna daga Mayun 1954 zuwa Mayun 1956 suna tantance nassosi. An tsara rufe taron ya dace da cikar shekara 2,500 da rasuwar Buddha, lokacin da mabiya da dama suka sa rai cewa addinin zai farfaɗo, duniya ta sami sauƙi. Aiki ne na ilimi na gaske, kuma bugun littattafan da ya fito daga taron shi ake karantawa har yau. Sai dai U Nu ya ɗauka cewa ladan ibadar shugaba zai iya tsayawa a madadin sulhu da waɗanda ke jin an ware su. A Agustan 1961 ya mayar da addinin Buddha addinin gwamnati, abin da ya ƙara nesanta Kiristocin Kachin da Chin da Karen, da Musulmin ƙasar. A Disambar shekarar gwamnatinsa ta ba da umarni a gina ƙananan hasumiyoyin yashi 60,000 a faɗin ƙasa, a safiya ɗaya da masana taurari suka tsayar, don kawar da bala'i da jawo zaman lafiya. A lokacin hankalin Asiya ta Kudu a tashe yake, saboda a farkon Fabrairun 1962 rana da wata da taurari biyar masu tafiya za su taru a yanki ɗaya na sama, ga husufin rana a kai, kuma masu duba a Indiya sun ce ƙarshen duniya na iya zuwa. Mutane suka kwana a fili suna addu'o'i. U Nu ya sa aka saki dabbobi da tsuntsaye da kifaye don neman sauƙi. Ranar ta zo ta wuce lafiya. Ranar 2 ga Maris, babban hafsan sojansa, Janar Ne Win, ya kifar da gwamnatin ya kulle shi.

A wannan shekarar ce wani ɗan Burma ya yi wa zaman lafiyar duniya aikin da ya kamata ƙasarsa ta riƙa alfahari da shi. U Thant, tsohon shugaban makaranta a garin Pantanaw kuma aminin U Nu, ya zama babban sakataren riƙo na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nuwamban 1961, bayan Dag Hammarskjöld ya mutu a haɗarin jirgi kusa da Ndola. Mutum ne da ba ya fara aikin safe sai ya zauna shiru ya natsar da zuciyarsa bisa koyarwar addininsa. A Oktoban 1962, da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka kai gaɓar yaƙin nukiliya kan makaman da aka girke a Kyuba, shi ya aika wa Kennedy da Khrushchev saƙo iri ɗaya yana roƙon kowa ya dakata na 'yan makonni. Wannan ya ba Khrushchev ƙofar tsayar da jiragensa ba tare da an ce ya durƙusa wa Amurka ba. Daga nan U Thant ya tashi da kansa zuwa Habana ya zauna da Castro, wanda ke tafasa saboda an yi ciniki a kansa ba da shi ba. Abin da ya yi amfani da shi haƙuri ne, da sanin cewa abokin hamayya ma mutum ne mai tsoro da mutuncin da yake karewa. A ganina wannan ita ce metta idan ta fito daga ɗakin ibada ta shiga ofis. Da ya rasu a 1974 aka kawo gawarsa gida, Ne Win ya hana a yi masa jana'izar girmamawa. Ɗalibai da masu zuhudu suka ƙwace akwatin suka kai harabar jami'a, soja suka shiga da bindiga, aka kashe mutane.

Shekara 26 Ne Win ya yi yana mulki, kuma a zamaninsa duba ya tashi daga al'adar fada ya shiga aljihun talaka. A Disambar 1970 aka wayi gari motoci sun koma bin hannun dama, kuma labarin da ya bazu shi ne shawarar mai duba ce. A 1985 aka fito da takardar kuɗi ta kyat 75, daga baya ta 15 da ta 35. Ranar 5 ga Satumban 1987 aka soke takardun 25 da 35 da 75 ba tare da canji ko diyya ba, mafi yawan kuɗin da ke hannun jama'a ya zama takarda. Aka maye su da na 45 da 90, lambobin da ke rabuwa da tara, lambar da Ne Win ya ɗauka ta sa'arsa ce. A ƙasar da mutane ba su yarda da banki ba, suna ajiya a gida, wannan ya cinye gumin shekaru na manomi da 'yar kasuwa cikin dare ɗaya. Ɗalibai da kuɗin makarantarsu ya narke su ne suka fara fitowa titi. Su ma masu adawa ba su tsira daga lissafin ba: ranar 8 ga watan 8 na 1988 suka tsayar don babban yajin aiki. Soja suka buɗe wuta, dubbai suka mutu, sabon rukunin janar-janar ya karɓi mulki ranar 18 ga watan tara. Zaɓen da suka shirya ranar 27 ga Mayun 1990 jam'iyyar Aung San Suu Kyi ta lashe shi da gagarumin rinjaye, suka ƙi miƙa mulki.

Janar Than Shwe ya ɗora daga nan. Da ƙarfe 6:37 na safiyar 6 ga Nuwamban 2005 ayarin motocin ma'aikatan gwamnati ya fara barin Yangon, wato Rangun, zuwa sabon babban birni, Naypyidaw, da aka gina a asirce a tsakiyar ƙasa. Can ya gina hasumiyar Uppatasanti, kwafin Shwedagon da ya gaza ta tsawo da kaɗan, sunanta kuma na nufin kariya daga bala'i. An kuma tilasta wa manoma da ma'aikata da 'yan makaranta shuka bini-da-zugu da sunan samar da man mota, yayin da jama'a da yawa suka fassara shi da yadaya don karya tasirin Suu Kyi.

A 2007 ɗaya ɓangaren, wato na masu zuhudu, ya yi magana. A tsakiyar Agusta gwamnati ta ninka kuɗin mai ba sanarwa, kuɗin mota da na shinkafa suka tashi. Masu zuhudu a Burma da bara suke ci, kowace safiya suna zagayawa da ƙwaryarsu ƙofa-ƙofa, saboda haka su ne suka fara ganin cewa gidajen da ke ciyar da su sun daina iya ciyar da kansu. Ranar 5 ga Satumba aka daki wasunsu da suka yi jerin gwano a garin Pakokku. Suka nemi a ba su haƙuri, gwamnati ta yi kunnen uwar shegu. Sai suka ɗauki mataki mafi tsanani da ƙa'idarsu ta yarda da shi, suka kife ƙwarya, wato suka daina karɓar sadakar soja da iyalansu. A addinin da ciyar da mai zuhudu ke cikin manyan hanyoyin samun lada, wannan rufe wa mutum ƙofa ne. Dubun-dubatarsu suka fito titunan Yangon da Mandalay da Sittwe, da yawa ba takalmi, cikin ruwan sama, kuma abin da suke rerawa shi ne nassin metta, suna fatan kowane mai rai ya kuɓuta daga tsoro da cuta, har da waɗanda ke riƙe da bindiga a gabansu. Talakawa suka riƙe hannun juna suka yi musu shinge. Daga 26 ga Satumba aka fara harbi da farfasa gidajen ibada da dare. Wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙirga aƙalla mutum 31 da aka kashe, cikinsu har da ɗan jaridar Japan Kenji Nagai. Da guguwar Nargis ta afka wa ƙasar a Mayun 2008, mutum kusan 138,000 suka mutu ko suka ɓata, gwamnati ta yi ta jan ƙafa wajen barin agajin waje ya shigo, gidajen ibada ne suka zama mafaka da wurin rabon abinci.

Da labarin ya tsaya nan, da sai a ce soja ke da duba, masu zuhudu ke da tausayi. Bai tsaya ba, kuma abin da ya biyo baya shi ne mafi ciwo a gare mu. Daga 2012 wata ƙungiya mai suna 969 ta bazu, jagoranta mai zuhudu ne, Wirathu, wanda aka taɓa ɗaurewa a 2003 saboda ingiza mutane kan Musulmi. Lambar tana nufin siffofi tara na Buddha, shida na koyarwarsa, tara na jama'ar masu zuhudu. An ƙirƙire ta ne don ta kishiyanci 786 da Musulmin yankin ke rubutawa a shagunansu a matsayin hisabin Bisimilla, har aka riƙa yaɗa cewa 7 da 8 da 6 sun ba da 21, wai alamar shirin mamaye ƙasa a ƙarni na 21. Aka manna 969 a shaguna da motocin haya don a ƙaurace wa na Musulmi. Tunanin da ya sa janar ya ga tsirarsa a lamba tara shi ne ya sa mai wa'azi ya ga maƙarƙashiya a ƙofar shagon maƙwabcinsa. Rikicin Rakhine na 2012 ya raba mutum kusan 140,000 da gidajensu. Bayan harin da wasu 'yan bindigar Rohingya suka kai wa ofisoshin tsaro ranar 25 ga Agustan 2017, soja suka ƙone ƙauyuka, suka kashe dubbai, mutum fiye da 700,000 suka tsallaka Bangladesh. Wasu manyan malaman addinin sun sa wa sojan albarka, wasu sun yi gum. Suu Kyi, wadda ta sha yin magana kan metta a shekarun da take tsare, ta je kotun duniya a Hague a Disambar 2019, lokacin tana jagorantar gwamnatin farar hula, ta kare ƙasarta daga ƙarar kisan ƙare-dangi da Gambiya ta shigar.

Amma ko a cikin wannan duhu an sami waɗanda suka riƙe abin da aka koya musu. A rikicin garin Meiktila na Maris 2013, shugaban wani gidan ibada ya buɗe ƙofarsa ga ɗaruruwan Musulmi, ya tsaya a bakin ƙofa ya hana masu adduna shiga. Dalai Lama, jagoran mabiya Buddha na Tibet, kuma ya fito fili a 2017 ya ce da Buddha yana nan da ya taimaki waɗannan Musulmi.

Ranar 1 ga Fabrairun 2021 Janar Min Aung Hlaing ya sake mayar da ƙasa hannun soja. Jama'a suka riƙa kaɗa tukwane da ƙarfe takwas na dare, yadda ake korar miyagun iskoki a al'adarsu, mata kuma suka shanya zannuwansu a kan tituna saboda sun san soja na tsoron ratsa ƙarƙashinsu kada ƙarfinsu ya karye. A Afrilun 2023 jirgin yaƙi ya yi ruwan bama-bamai kan taron jama'a a ƙauyen Pazigyi, ya kashe fiye da mutum 150, da yara a cikinsu. A Agustan wannan shekarar janar ɗin ya buɗe ƙaton mutum-mutumin Buddha na farin dutse a Naypyidaw, tsawonsa da kujerarsa ƙafa 81, lambar da ita ma ke komawa tara. Ranar Juma'a 28 ga Maris 2025, cikin azumin Ramadan, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.7 ta afka wa Mandalay da Sagaing. Masallatai suka rufta kan masu sallar Juma'a, da yawansu tsofaffin gine-gine ne da aka daɗe ana hana izinin gyara su. A Mandalay wani zaure ya rufta kan masu zuhudu suna rubuta jarrabawar addini. Mutum fiye da 3,700 suka mutu, kuma maƙwabta, Musulmi da mabiya Buddha, su suka yi ta tonon baraguzai da hannu. Cikin Afrilu hukuma ta kama wani matashi mai duba da ya yi hasashen wata girgizar a TikTok, bisa laifin firgita jama'a. Hare-haren jiragen yaƙi a yankunan da girgizar ta shafa ba su tsaya ba.

Ina roƙon mai karatu, idan maganar Rohingya ta taso, kada ya yi wa mabiya Buddha kuɗin goro. Ya kama sunan janar ɗin da ya ba da umarni da mai wa'azin da ya hura wutar, ya kuma san cewa akwai waɗanda aka harbe a titi suna fatan alheri ga mai harbinsu, da wanda ya tare ƙofa da jikinsa don Musulmi su rayu. Kada kuma ya bari maganar ta mutu. 'Yan Rohingya fiye da miliyan ɗaya na zaune a sansanonin Cox's Bazar a Bangladesh, kuma dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 da Ne Win ya kafa, wadda ta bar su ba ƙasa, tana nan ba a soke ta ba.